Yadda Burauzar Waya Ke Zama Rimot ga Kwamfutar Falo

Rimot ɗin talabijin da muka saba da shi ƙaramar fitila ce kawai. Idan ka danna maɓalli, ɗan ƙwan da ke goshinsa yakan ƙyafta da wani haske da idon mutum ba ya gani, talabijin kuma ta karanta ƙyaftawar ta san abin da ake so. Mai son ya tabbatar ya buɗe kyamarar waya, ya saita goshin rimot a gabanta ya danna. A wayoyi da yawa zai ga ɗan haske mai launin shunayya yana walƙiya. Da yake haske ne, bango yana tare shi, yaro ma in ya tsaya a gaban talabijin ya tare shi. Kuma magana ce ta gefe ɗaya. Rimot yana faɗa ne, ba ya ji. Bai san ko umarninsa ya isa ba, bai san fim ɗin da ke tafiya ba, balle minti nawa ya rage a gama.

Muddin tashoshi ake canzawa, wannan ya wadatar. Matsalar takan fito ne ranar da aka haɗa talabijin da kwamfuta, aka tara mata finafinai, da karatun alarammomi daban-daban, da wa'azozi, da waƙoƙi, da hotunan biki da na suna na shekara da shekaru. Neman abu guda a cikin ɗaruruwa da maɓallan sama da ƙasa da hagu da dama aiki ne mai cin rai, musamman in za a rubuta suna, domin kowane harafi sai an yi tattaki a allo kafin a kai gare shi. Alhali a aljihun kowa akwai waya mai allon taɓawa da madannan rubutu. Abin da ya rage shi ne a sa wayar ta yi magana da kwamfutar, kuma hanya mafi sauƙi tana cikin manhajar da kowace waya ke zuwa da ita tun daga kamfani, wato burauza, irin su Chrome da Safari da Firefox.

Zan yi bayanin da Kodi, domin ita ce manhajar da ta fi shahara a wannan fanni. Asalinta a 2002 ne, lokacin da wasu masu sha'awar shirya manhaja suka ga cewa na'urar wasan Xbox ta kamfanin Microsoft kwamfuta ce cikakkiya da ke zaune a ƙarƙashin talabijin, suka rubuta mata abin kunna bidiyo da sauti. An daɗe ana kiranta XBMC, sai a 2014 aka sauya mata suna zuwa Kodi. Kyauta ce, 'yan sa-kai ne ke kula da ita, kuma tana aiki a kan Windows da Linux da Mac da Android. Mutane da yawa suna ɗora ta a kan Raspberry Pi, 'yar kwamfutar nan mai faɗin katin cirar kuɗi da ta fito daga Kambirij ta Ingila a 2012, su haɗa da LibreELEC, wani ƙaramin tsari da ba shi da aikin da ya wuce ya tashi ya buɗe Kodi. Amma ba dole sai an sayi sabon abu ba. Tsohuwar laftof da allonta ya fashe, matuƙar kafar HDMI ɗinta na da lafiya, ta isa.

Ya kamata a sani cewa Kodi fanko take zuwa, ba ta ɗauke da fim ko ɗaya. Abin da ka zuba mata shi za ta nuna. Akwai masu sayar da akwatunan da aka cusa wa ƙarin manhajojin satar finafinai, har babbar kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a 2017 cewa sayar da irinsu keta haƙƙin mallaka ne. Duk wanda ya san irin ɓarnar da satar fasaha ta yi wa masu shirya finafinan Hausa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Maganarmu a nan ta kayan da mutum ya mallaka ce.

To yaya burauza, wadda aka sani da buɗe shafukan intanet, za ta sarrafa kwamfutar da ke falo? Yawancinmu mun ɗauka cewa duk shafin da burauza ta buɗe yana can wata uwa duniya, a wani katafaren gini cike da injuna a Amurka ko Turai. Sau da yawa haka ne, amma ba sharaɗi ba ne. Burauza ba ta san nisa ba. Abin da ta sani shi ne a ba ta adireshi, ta aika buƙata can, ta jira amsa, ta nuna abin da aka ba ta. Duk manhajar da ta zauna tana sauraron irin wannan buƙata tana amsawa, ita ce ake kira saba, ko a babban gini take ko a kan teburi. Sabar shafuka ta farko a duniya ma kwamfuta ɗaya ce a ofishin Tim Berners-Lee a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba, inda ya tsara wannan hanyar tambaya da amsa, mai suna HTTP, tsakanin 1989 da 1991. Masu Kodi sun saka 'yar ƙaramar saba a cikinta. Da ka kunna ta, kwamfutar falonka ta zama mai shafi nata na kanta, shafin da babu shi a ko'ina sai a cikin gidanka. Wanda ya riƙe wannan, sauran bayanin duk zai zo masa da sauƙi.

Kafin waya ta kai ga shafin, sai su biyun sun haɗu a kan hanyar sadarwa ɗaya. A gida, mai haɗa su ita ce rauta, ko 'yar MiFi, ko ma wata wayar da aka kunna wa hotsifot. Duk na'urar da ta shiga, rauta takan ba ta lamba mai kashi huɗu, kamar 192.168.1.20, wadda ake kira adireshin IP. Za ka lura cewa kusan ko'ina ka je, lambobin cikin gida da 192.168 suke farawa, wasu kuma da 10. Ba dace ba ne. Tun 1994 aka keɓe waɗannan jerin lambobi don amfanin cikin gida da ofis, aka hana su yawo a babbar intanet. Shi ya sa kwamfutarka da ta maƙwabcinka za su iya riƙe lamba iri ɗaya ba tare da an sami ruɗani ba, tunda kowace a cikin gidanta kaɗai lambar ke da ma'ana.

Adireshi kaɗai bai isa ba, domin kwamfuta ɗaya tana iya gudanar da manhajoji da yawa masu sauraro. Abin ya yi kama da gidan haya mai ɗakuna barkatai: lambar gida za ta kai ɗan aike bakin zaure, amma sai an gaya masa ƙofa ta nawa zai ƙwanƙwasa. Kowace kwamfuta tana da irin waɗannan ƙofofi masu lamba har 65,535. Shafukan intanet na yau da kullum suna amfani da ta 80 ko ta 443, kuma burauza ta san haka, shi ya sa ba ka taɓa rubuta su. Kodi kuwa a ƙofa ta 8080 take zama sai in ka sauya mata, don haka dole ka faɗa. Ana rubuta adireshin, a sa ɗigo biyu na tsaye, sannan lambar ƙofar: http://192.168.1.20:8080.

Kunna sabar ba shi da wahala. A cikin saitin Kodi akwai sashen hidimomi, a ƙarƙashinsa akwai na sarrafawa, a nan za ka sami maɓallin da ke ba da izinin sarrafa ta ta hanyar HTTP. Sunan mai shiga yakan zo a rubuce, kodi, kai kuma ka sa kalmar sirri. Kusa da wurin akwai wani maɓalli mai ba manhajojin wasu na'urori izinin sarrafa ta. Shi ma a kunna, zan faɗi amfaninsa nan gaba. Adireshin kwamfutar kuma yana cikin shafin bayanan tsari. Ka ɗauki lambar, ka buɗe burauzar waya, ka rubuta ta a wurin adireshi. Za a tambaye ka suna da kalmar sirri, sai shafi mai duhun launi ya buɗe, da hotunan finafinanka a jere, da wurin bincike a sama, da maɓallan kunnawa da tsayarwa da na murya a ƙasa. Sunan shafin Chorus2, kuma tun fitowar Kodi ta 17 a 2017 shi ne wanda take zuwa da shi.

A nan ya kamata a tsaya a duba abin da ke faruwa a ɓoye, domin abu biyu ne daban-daban suke faruwa, mutane kuma sukan ɗauke su ɗaya.

Na farko sau ɗaya yake faruwa, lokacin da ka buɗe shafin. Kodi takan miƙa wa burauza wasu fayiloli: tsarin shafin, da adonsa, da wata 'yar manhaja da aka rubuta da harshen JavaScript. Wannan 'yar manhajar ita ce rimot ɗin na gaskiya, kuma a cikin wayarka take aiki, ba a kwamfutar ba. Wato kwamfutar ta ara wa wayar rimot ne a take, ba tare da an sauke komai daga kantin manhajoji ba. Wannan ne ya sa baƙon da ya zo da iPhone, da ɗan gida mai Android, da mai laftof a ɗaki, duk za su iya buɗe shi, kuma duk abu ɗaya za su gani.

Na biyu kuma yana faruwa duk lokacin da yatsanka ya taɓa wani abu. A ce fim na tafiya, aka kira sallah, ka taɓa maɓallin tsayarwa. 'Yar manhajar da ke burauza takan rubuta gajeren saƙo, layi ɗaya tak, ta aika wa Kodi. Saƙon yana ɗauke da sunan umarnin, Player.PlayPause, da lambar abin da ake so a tsayar, domin a wurin Kodi 0 na nufin mai kunna sauti, 1 mai kunna bidiyo, 2 mai nuna hotuna. Yana kuma ɗauke da wata lambar shaida da za a gane amsarsa da ita. Saƙon ya bar waya ta Wi-Fi, ya isa rauta, rauta ta duba adireshi ta ga na cikin gida ne, ta miƙa shi ga kwamfutar a ƙofa ta 8080. Kodi ta karanta, ta tsayar da fim ɗin, ta mayar da amsa cewa gudun bidiyo yanzu 0 ne. Da amsar ta iso, sai maɓallin da ke wayarka ya juya ya koma alamar kunnawa. Duk wannan kafin ka ɗaga yatsa daga allo. Wannan salon aike da amsa shi ake kira JSON-RPC, kuma rubutu ne zalla wanda mutum zai iya karantawa da idonsa. Kowane aiki da sunansa: Application.SetVolume na ƙara murya ko rage ta, Input.Up da Input.Down na motsawa a allo, VideoLibrary.GetMovies na neman jerin finafinai. Wanda na fi jin daɗinsa shi ne Input.SendText, mai ɗaukar abin da ka rubuta a waya ya zuba shi a akwatin binciken da ke talabijin gaba ɗaya.

Saura matsala guda. A tsarin HTTP, burauza ce kullum ke fara magana, saba ba ta cewa uffan sai an tambaye ta. To idan wani a falo ya tsayar da fim da rimot na hannu, ko karatun sura ya ƙare na gaba ya shigo, yaya wayarka za ta sani? Hanya ɗaya ita ce ta riƙa tambaya a kai a kai, bayan kowane ɗan lokaci. Wannan yana aiki, amma labari yakan zo a makare, kuma yana cin batir. Hanyar da ta fi ita ce WebSocket, wadda aka kammala tsara ƙa'idarta a 2011: burauza ta buɗe layi ɗaya ta bar shi a buɗe, kowane ɓangare ya yi magana lokacin da yake da abin faɗa. Kodi tana buɗe wannan layi a ƙofa ta 9090, kuma maɓalli na biyun nan da na ce a kunna shi ne ke ba da izininsa. Idan ka ga shafi yana karɓar umarni amma yana jinkirin nuna abin da ya canza, fara duba nan.

Tambayar da kowa ke yi a wannan gaɓa ita ce ta data, kuma tambaya ce mai kyau a inda ake sayen data da awo. Saƙon da ke tsakanin wayarka da kwamfutar ba ya fita daga gida. Daga waya zuwa rauta, daga rauta zuwa kwamfuta, shi ke nan. Bai taɓa eriyar kamfanin sadarwa ba, don haka babu abin da za a cire maka. Ko datar MiFi ta ƙare, matuƙar tana kunne tana watsa Wi-Fi, rimot ɗin zai yi aiki, fim ɗin da ke faifan ajiya zai tafi. Abin da ke cin data shi ne lokacin da Kodi ta fita neman hotunan bango da taƙaitaccen labarin finafinai daga rumbunan intanet irin su TMDB, kuma wannan sau ɗaya take yi ta adana. Wani abin lura: idan Wi-Fi ba ta da intanet, wasu wayoyi sukan yi watsi da ita su koma datar layi ba tare da sun sanar ba, sai shafin ya ƙi buɗewa. In wayar ta tambaya ko ta ci gaba da zama a kan Wi-Fi ɗin duk da babu intanet, ka amsa mata e. In ba ta tambaya ba, kashe datar layin na ɗan lokaci.

Mafi yawan ƙorafin da ake yi shi ne: jiya yana aiki, yau ya ƙi. Sau da yawa ba abin da ya lalace. Lambar da rauta ke bayarwa aro ce, ba mallaka ba. Idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, na'urori sukan sake layi, kwamfutar da jiya take 20 yau ta tashi a 23, wayarka kuma tana can tana ƙwanƙwasa tsohon wuri. A gidan da wuta ke zuwa tana tafiya sau da yawa a yini, wannan zai zama ruwan dare. Maganinsa na dindindin yana cikin saitin rauta, wanda shi ma, in ka lura, ta burauza ake shiga, domin ita ma saba ce ƙarama. Kowace na'ura tana da wata lambar haihuwa da galibi ba ta canzawa, mai suna MAC, kuma yawancin rautoci suna ba ka damar cewa duk ranar da mai wannan lamba ya zo, a ba shi adireshi kaza. Da ka yi haka sau ɗaya, sai ka ajiye shafin a fuskar wayarka ya zauna kamar kowace manhaja. Akwai kuma hanyar kiran kwamfutar da suna maimakon lamba, kamar libreelec.local, sai dai ba kowace waya ke gane irin wannan suna ba.

Sauran abubuwan da ke hana shiga ƙanana ne. Wani ya manta lambar ƙofa. Wani burauzarsa ta ɗauki lambar a matsayin abin bincike ta kai shi Google, ko ta ƙara harafin s a ƙarshen http da kanta. Rubuta adireshin cikakke yana magance duka biyun. Wani wayarsa na kan Wi-Fi ɗin baƙi, wanda da gangan aka tsara shi don kada na'urori su ga juna. A kan Windows kuma, katangar tsaro takan tare ƙofar sai an ba Kodi izini.

Shafin yana da wani zaɓi da kan rikita mutane: ko a kunna abu a talabijin, ko a kunna shi a cikin burauzar kanta. Na farko shi ne aikin rimot. Na biyu kuwa bidiyon ne ke kwararowa zuwa wayarka, ka kwanta a ɗaki kana kallo. Sauti yakan yi lafiya, amma bidiyo sai an yi sa'a, domin Kodi tana miƙa fayil ne yadda yake, burauza kuma ba kowane nau'i take iya buɗewa ba. MP4 na yau da kullum yakan tafi, wani fayil ɗin kuma ya zo da hoto babu murya, ko ya ƙi sam. Wanda babban burinsa shi ne kowa a gida ya kalli abin da yake so a wayarsa, Jellyfin ta fi dacewa da shi. Ita tun 2018 take, kyauta ce, a ƙofa ta 8096 take zama, kuma tana sauya nau'in bidiyo nan take ya dace da na'urar mai kallo, ko da yake wannan aiki yana buƙatar kwamfuta mai ɗan ƙarfi. Plex, wadda ita ma daga XBMC ta samo asali, tana yin irin wannan a ƙofa ta 32400. Har VLC da kowa ya sani tana da nata shafin sarrafawa, sai dai a kashe yake zuwa. Sunaye sun bambanta, amma ginin ɗaya ne: saba a kwamfuta, adireshi, ƙofa, burauza.

Akwai abu ɗaya da burauza ba za ta iya ba, wato kunna kwamfutar da ke kashe. Dalilin a fili yake: in kwamfutar na kashe, sabar ma na kashe, babu mai amsawa. Ana da dabarar tayar da kwamfuta ta hanyar sadarwa, inda ake watsa wani ɗan saƙo na musamman mai ɗauke da lambar MAC ɗinta sau 16 a jere, katin sadarwarta da ke rabin barci ya ji ya tashe ta. Amma burauza ba ta aika irin wannan saƙo, sai manhaja irin su Kore, rimot ɗin da masu Kodi suka yi wa Android, ko Yatse; kuma galibi sai kwamfutar na haɗe da rauta ta igiya. Masu Raspberry Pi sukan bar ta a kunne kawai, tunda wutar da take ci a aikin yau da kullum ba ta kai wat 10 ba, ƙaramin sola ko inbata ya riƙe ta. Kashewa kuwa burauza na iyawa, kuma ina ba da shawarar a riƙa yi. Katin memori da tsarin ke kansa ba ya son a yanke masa wuta yana tsakiyar rubutu. Ranar da ya lalace, sai an sake ɗora komai daga farko. Idan ka san za a kashe janareta, taɓa maɓallin kashewa a waya minti ɗaya kafin nan.

Ban ce a jefar da rimot na hannu ba. Don ƙara murya ko tsayarwa cikin gaggawa, maɓallin da yatsa ya sani ko a duhu ya fi buɗe waya da neman shafi. Talabijin da yawa ma suna iya miƙa umarnin rimot ɗinsu ga kwamfuta ta cikin igiyar HDMI, abin da Samsung ke kira Anynet+, LG kuma SimpLink, kuma Raspberry Pi tana fahimtarsa. Rimot na hannu don abin gaggawa, burauza don bincike da rubutu da jera abin da za a saurara. Haka na ga ya fi daidai.

Daga nan sai sha'awa ta kai mutum ga tunanin sarrafa kwamfutar daga wajen gida, yana kasuwa ko ofis. Zai rubuta adireshin nan, ba abin da zai buɗe, kuma yanzu mun san dalili: lambar cikin gida ce, ba ta da ma'ana a waje. Duniya lamba ɗaya kawai take gani ga gidan gaba ɗaya, ta rauta, ita kuma rauta ba ta barin saƙon da ba wanda ya nema daga ciki ya shigo. Za ka tarar da masu ba da shawarar a shiga saitin rauta a buɗe ƙofa ta 8080 ga duniya. A layukan waya da MiFi wannan galibi ba ya ma aiki, domin adiresoshin IP na tsohon tsari, kimanin biliyan 4.3, sun yi wa duniya kaɗan, kamfanonin sadarwa kuma suna haɗa masu layi da yawa a bayan lamba ɗaya, wadda ba ka da iko da ita.

Inda kuma yake aiki, ina roƙon kada a yi. Akwai injuna da ba su da aiki dare da rana sai bin adireshin duniya ɗaya bayan ɗaya suna gwada ƙofofi, kuma 8080 na cikin waɗanda suke fara taɓawa. Tun 2009 akwai shafin bincike mai suna Shodan da ke jera na'urorin da aka bari a buɗe. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye kyamarorin tsaro da rautoci masu ɗimbin yawa, ba da wata gwaninta ba, sai don masu su ba su canza kalmar sirrin da suka zo da ita daga kamfani ba. Aka yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafuka irin su Twitter da Netflix na tsawon sa'o'i. Ƙari a kan haka, http marar s ba ya lulluɓe abin da yake ɗauka, kalmar sirrinka kusan a tsirara take tafiya. A cikin gida, inda Wi-Fi ke da makulli, haɗarin kaɗan ne. A buɗaɗɗiyar intanet kuwa, wanda ya shiga zai ga jerin duk abin da ka tara, har hotunan iyali, kuma zai iya kunna abin da ya ga dama a talabijin ɗin da yaranka ke zaune a gabanta.

Mai buƙatar shiga daga nesa da gaske yana da hanya mai tsabta, ita ce VPN na kansa. Ba irin wanda ake saukewa don buɗe shafin da aka toshe ba. Wannan rufaffen layi ne tsakanin wayarka da wata na'ura a gidanka, wanda ke sa wayar ta zama tamkar tana cikin gida ko da kana wani gari. WireGuard na yin wannan, Tailscale kuma, wadda aka gina a kanta, ta sauƙaƙa saitin har tana ratsa layukan waya masu lambar haɗaka ba tare da an buɗe ƙofa ko ɗaya a rauta ba. Ana ɗora ta a kwamfutar da wayar, a shiga da asusu ɗaya, kowace ta sami adireshi na musamman da na'urorinka kaɗai ke gani. Shi za ka rubuta a burauza, ka bi shi da 8080 kamar kullum. Sai dai a tuna cewa a wannan karon saƙon yana bin layin kamfanin sadarwa, a ɓangarenka da ɓangaren gida. Umarnin tsayarwa da ƙara murya ba za su ci abin kirki ba, amma in ka ce bidiyon ya kwararo zuwa wayarka, data za ta tafi a layi biyu lokaci guda.